Yadda ake karanta sunan tsoka a gane inda take da aikin da take yi

Duk shekara idan muka iso babin tsokoki a darasin ƙirar jikin ɗan Adam, sai in ga ɗalibai sun yi tsuru-tsuru. Ƙasusuwa 206 sun riga sun jigata su, ga shi kuma an ce musu tsokokin da ke motsa ƙasusuwan sun haura 600, kowacce da sunanta na Latin, wani sunan ma sai ka ja numfashi kafin ka kai ƙarshensa. Mafi yawansu sai su ɗauko dabarar da muka tashi da ita tun muna ƙanana: a rubuta, a maimaita, a haddace. Hadda abu ce mai daraja a wurinmu, amma a wannan fagen ita kaɗai ba ta fisshe ka. Ɗalibi zai kawo maka flexor carpi ulnaris ba tuntuɓe, ka ce ya nuna maka ita a hannunsa, sai ya kama sosa ƙeya.

Alhali sunan ya riga ya gaya masa inda take. Bahaushe ma bai kamata irin wannan suna ya ba shi wuya ba. A kowace unguwa akwai Dogo, akwai Gajere, akwai Bazazzagi, akwai Tela. Idan aka aike ka wurin "Dogo mai shayi na bakin kasuwa", ko ba ka taɓa ganinsa ba za ka same shi, domin sunan ya ba ka ƙirarsa da sana'arsa da mazauninsa. Haka masana suka raɗa wa tsokoki suna. Flexor carpi ulnaris na nufin "mai lanƙwasa wuyan hannu, ta gefen ƙaramin yatsa". Kwatance ne cikakke, yaren ne kawai baƙo.

Ba tun asali ake da wannan tsarin ba. Andreas Vesalius, masanin ƙirar jikin ɗan Adam wanda ya koyar a Faduwa ta ƙasar Italiya kuma babban littafinsa ya fito a 1543, da lamba yake kiran yawancin tsokoki: ta ɗaya, ta biyu, ta uku masu motsa gaɓa kaza. Bayansa kowane malami ya riƙa raɗa nasa sunan har abin ya dagule. A 1895 masana suka zauna a birnin Basel na ƙasar Switzerland suka tace sunayen sassan jiki, kuma jerin da duniya ke bi a yau, Terminologia Anatomica, ya fara fitowa a 1998. Zan bar sunayen tsokokin da rubutunsu na Latin, saboda haka za ka tarar da su a takardar jarrabawa da fayil ɗin majinyaci.

Mataki na farko: tanadi kayan aiki, ka tsaya daidai

Kana buƙatar madubi babba, alƙalamin da ake gogewa da ruwa, littafin hotunan sassan jiki ko manhajarsa a waya, da abokin karatu, namiji da namiji, mace da mace, don kowa ya sake. Idan ka samu hannun rago ko na akuya wanda ba a daddatsa ba, ko da fiffiken kaza ne, to ka more.

Sai ka tsaya gaban madubi, ƙafafu a haɗe, hannuwa a sake a gefe, tafukan hannu suna kallon gaba. Daga wannan tsayuwar ake yin duk wani kwatance na jiki, ko da majinyaci a kwance yake ko a kife. Kalmomi shida za ka fara riƙewa: anterior gaba, posterior baya, medialis wajen tsakiyar jiki, lateralis wajen gefe, superior sama, inferior ƙasa. Ƙara biyu a kai: superficialis ta kusa da fata, profundus ta can ciki. Kada ka wuce nan sai ka iya nuna kowacce da hannu ba tare da tunani ba. Lura da cewa a wannan tsayuwar babban yatsa yana waje, ƙaramin yatsa yana wajen jiki. Yawancin ruɗanin da ɗalibai ke shiga a tsokokin hannu daga mantuwa da wannan yake tasowa.

Mataki na biyu: ga tsoka da idonka kafin ka ji sunanta

Tsoka iri uku ce a jiki. Akwai ta zuciya, akwai mai santsi da ke bangon hanji da mahaifa da jijiyoyin jini, wadda ba ka da iko da ita, sannan akwai wadda ke manne da ƙashi, wadda kake motsawa da nufinka. Wannan ta ukun ita ce maganarmu, kuma ita ce jan naman da muke ci. A jikin namiji baligi takan kai kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa.

Ɗauko hannun ragon nan. Idan ba ka da shi, je ka tsaya wurin mahauci da safe lokacin da yake fiɗa, ko ka jira layya ka karɓi aikin da kanka. Bayan an cire fata, za ka ga wani farin tantani siriri ya lulluɓe naman. Sa yatsa, ba wuƙa ba, ka bi tsakanin naman a hankali. Za ka ji yana rabuwa da kansa ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli da rigarsa. Kowane ƙullin nan tsoka ɗaya ce mai suna. Zaɓi ɗaya ka bi ta har ƙarshe: tsakiyarta ja ce mai kauri, wannan shi ne cikinta, sai ta riƙa sirancewa har ta koma farar igiya mai sheƙi da tauri, ta tsallake gaɓa ta kama wani ƙashi. Yanzu riƙe ƙashin sama, ka ja cikin tsokar. Gaɓar za ta naɗe a gabanka. Wanda ya yi wannan sau ɗaya ya fahimci abin da shafi goma ba zai fahimtar da shi ba.

Abu uku za ka ɗauka daga nan. Na farko, kusan kowace tsoka tana da tushe, wato inda ta kafu a ƙashin da ba ya cika motsi, da makama, wato inda ta kama ƙashin da take ja. Na biyu, tsoka ja kawai take yi, ba ta turi. Shi ya sa kusan kowacce take da kishiya a ɗaya gefen gaɓar: wannan ta naɗe, waccan ta miƙe, kuma idan ɗaya ta ɗauki aiki dole ɗayar ta sassauta. Na uku, tsoka ba ta motsa gaɓar da ba ta tsallaka ba. Idan ka san tushe da makama, kai da kanka za ka iya faɗin aikinta.

A nan akwai wani tarko na harshenmu da ya kamata ka kiyaye. Da "jijiya" muke kiran abubuwa uku mabambanta: hanyar jini, da farin zaren da ke kai saƙo daga laka zuwa tsoka, da farar igiyar nan da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Majinyaci zai ce maka "jijiya ce ta riƙe", kuma aikinka ne ka gano wacce yake nufi. A rubutun nan zan kira ta farko jijiyar jini, ta biyu jijiyar saƙo, ta uku kuma agara, aron sunan babbar igiyar bayan diddige wadda mahauta ke rataye dabba da ita. Ita kanta kalmar musculus ta Latin ma'anarta "ɗan ɓera". Naɗe hannunka ka miƙe kana kallon damtsenka, za ka ga abin da suka gani yana gudu a ƙarƙashin fata.

Mataki na uku: koyi sunayen unguwanni

Yawancin sunaye suna ɗauke da kalmar da ke nuna wuri, kuma waɗannan kalmomin ba su da yawa. Rubuta kowacce da alƙalamin nan a kan fatar wurin, ka wuni da ita. Brachii damtse. Carpi wuyan hannu. Digitorum yatsu. Pollicis babban yatsan hannu, hallucis babban yatsan ƙafa. Pectoralis ƙirji. Abdominis ciki. Dorsi gadon baya. Costa haƙarƙari, don haka intercostales su ne na tsakanin haƙarƙari. Gluteus mazaunai. Femoris cinya. Tibialis ƙashin ƙwauri. Oculi ido, oris baki, nasi hanci, labii leɓe, capitis kai, cervicis wuya. Sai ƙasusuwa biyu na sangalin hannu: radialis ta bi na gefen babban yatsa, ulnaris ta bi na gefen ƙaramin yatsa.

Da waɗannan kawai, tibialis anterior ta zama "ta gaban ƙwauri". Ɗora yatsunka a gefen waje na ƙashin ƙwaurinka, ka ɗaga yatsun ƙafa sama diddige na ƙasa. Abin da ya kumbura a ƙarƙashin yatsunka ita ce. Riƙe ta da kyau, za mu dawo kanta.

Mataki na huɗu: girma, siffa, kwanciyar zare da yawan kawuna

Wannan sashen ba shi da wuya, don haka ba zan daɗe a kansa ba. Maximus babba, medius matsakaiciya, minimus ƙarama: tsokokin mazaunai uku ke nan, kuma gluteus maximus ita ce mafi girma a jiki. Major da minor, babba da ƙarama ne idan su biyu ne, kamar pectoralis major da ke sama da pectoralis minor da ta ɓuya a ƙarƙashinta. Longus doguwa, brevis gajera, vastus ƙatuwa, latissimus mafi faɗi. Wata ƙa'ida mai amfani: duk inda ka ga longus nemi brevis, duk inda ka ga major nemi minor. Ba a kiran mutum Babba sai da Ƙarami a gidan.

Siffa kuwa ta fi daɗin koyo. Deltoideus, wadda ta lulluɓe kafaɗa, daga harafin Girka mai kusurwa uku aka samo sunanta. Trapezius ta taso daga ƙeya ta bazu zuwa kafaɗu ta sauko tsakiyar baya, idan ka haɗa ta dama da ta hagu sai su ba ka siffa mai kusurwa huɗu. Serratus anterior mai bakin zarto ce, kana iya ganin haƙoranta a gefen haƙarƙarin ɗan dambe idan ya kai naushi. Orbicularis mai zagaye ce kamar zobe, ɗaya a ido ɗaya a baki. Piriformis tana can cikin mazaunai, siffarta kamar ƙaramin gora, gindi da faɗi kai siriri. Soleus shimfiɗaɗɗiya ce kamar tafin takalmi.

Kwanciyar zare a bangon ciki aka fi ganinta. Rectus miƙaƙƙiya ce daga sama zuwa ƙasa, ita ce rectus abdominis da masu motsa jiki ke alfahari da ita. Obliquus a karkace take, transversus a gicciye. Zura hannuwanka a aljihun gaba na wando: yadda yatsunka suka nufi ƙasa da tsakiya, haka zaren obliquus externus yake kwance. Ta ƙarƙashinta, obliquus internus, ta gitta ta, sannan transversus ta ɗaure su daga ciki kamar ɗamara. Saƙa ce irin ta tabarma, kuma saboda wannan gittawar ne bangon ciki yake da ƙarfi duk da babu ƙashi a wurin.

Ceps na nufin kai. Biceps mai kai biyu, triceps uku, quadriceps huɗu. Kada ka faɗi biceps kawai a jarrabawa, domin biyu ne: biceps brachii a damtse, biceps femoris a bayan cinya.

Mataki na biyar: sunayen aiki, kuma a nan za ka fi daɗewa

Kalmomin aiki bibbiyu suke zuwa. Flexor mai naɗewa, extensor mai miƙewa. Abductor mai ware gaɓa daga tsakiyar jiki, adductor mai dawo da ita. Harafi ɗaya ne ya raba su, kuma ya kayar da ɗalibai da yawa, don haka faɗe su da ƙarfi kana yin motsin: ware ƙafa ka ce ab, haɗe ka ce ad. Pronator mai kife tafin hannu kamar yadda ake kife ƙwarya, supinator mai juyo shi sama kamar za ka tara hannu a zuba maka gyaɗa. Levator mai ɗagawa, depressor mai saukarwa. Sphincter mai tsuke ƙofa.

Sangalin hannu shi ne wurin da za ka gwada ko ka iya. Tsokokinsa kusan 20 ne, sunayensu dogaye, amma duk gini ɗaya ne: aiki, sai gaɓar da ake yi wa aikin, sai abin da ya bambanta ta da 'yar'uwarta. Kafin komai riƙe wannan: masu naɗewa suna gefen tafi, kuma yawancin na samansu daga ƙullin ƙashin gwiwar hannu na wajen jiki suka taso. Masu miƙewa suna gefen bayan hannu, daga ƙullin waje. Kama sangalinka na dama da hannun hagu kusa da gwiwa, ka riƙa dunƙule yatsu kana buɗewa. Za ka ji motsin a can sama. Ƙarfin riƙon yatsu daga sangali yake zuwa, agarori ne dogaye suke sauko da shi ta wuyan hannu kamar linzami.

Yanzu gwada waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kada ka yi gaggawa.

Haɗa kan babban yatsa da na ƙarami, ka ɗan lanƙwasa wuyan hannu. Idan wata siririyar agara ta taso a tsakiya, palmaris longus ce. Idan ba ta taso ba kada ka damu, akwai mutanen da aka halitta babu ita, a hannu ɗaya ko duka biyun, kuma ba sa rasa komai. Likitocin fiɗa ma sukan ciro agararta su gyara wani wurin da ita. Kusa da ita ta gefen babban yatsa akwai agarar flexor carpi radialis, kuma a gefenta na waje ne ake jin bugun jini. Ta can gefen ƙaramin yatsa, ga flexor carpi ulnaris da muka fara da ita.

Sai ka shimfiɗa hannu a tebur tafi na sama, abokinka ya danne yatsu uku a miƙe ya bar na tsakiya. Naɗe shi. Zai naɗe a gaɓar tsakiya, amma idan ka taɓa kan yatsan za ka ji shi sakwa-sakwa, ba ƙarfi. Flexor digitorum superficialis ke nan take aiki ita kaɗai, don makamarta a ƙashin tsakiya na yatsa ta tsaya. Yanzu ya riƙe gaɓar tsakiyar, ka lanƙwasa kan yatsan kawai: wannan flexor digitorum profundus ce, wadda ta wuce har ƙashin ƙarshe. Da wannan gwajin ake duba wanda wuƙa ko gilashi ya yanke a tafin hannu, a gane wace agara ce ta tsinke. Ina son ɗalibi ya san shi tun a shekarar farko, domin yankan da aka ɗinke fatarsa aka bar agara a tsinke yakan bar mutum da yatsan da ba ya naɗuwa.

Na ƙarshe, miƙe babban yatsa ka ja shi baya. Wani ɗan rami zai bayyana a gindinsa, wanda masu shaƙar garin taba suke zuba ta a ciki. Agarar da ta yi masa iyaka ta bayan hannu ta extensor pollicis longus ce, biyun da ke ɗaya gefen kuwa extensor pollicis brevis da abductor pollicis longus. Fassara su da kanka. Idan ka iya, to ka kama hanya.

Mataki na shida: masu sunan tushe da makama, da masu sunan sana'a

Sunan da ya fi tsorata ɗalibai, sternocleidomastoideus, shi ya fi kowanne sauƙi. Datsa shi uku: sterno ƙashin ƙirji, cleido ƙashin da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, mastoid ƙullin ƙashin da ke bayan kunne. Sunan taswira ce, ya gaya maka daga ina zuwa ina. Juya fuskarka hagu a gaban madubi, ta dama za ta taso kamar igiya daga bayan kunne zuwa saman ƙirji. Lura da kyau, ta dama ce ke juya fuska hagu. Haka brachioradialis take, daga damtse zuwa sangalin gefen babban yatsa.

Akwai kuma 'yan kaɗan da aka raɗa wa sunan sana'a, kuma ba na jin akwai mai manta su. Sartorius ma'anarta "ta tela". Ita ce tsoka mafi tsawo a jiki, ta taso daga tsinin ƙashin ƙugu ta gaba, ta gitta cinya a karkace, ta kama saman ƙwauri ta ciki. Ita ce ke taimaka maka ka harɗe ƙafa, irin zaman da mai ɗinkin hula ko mai aikin babbar riga ke yi a zaure. Buccinator "mai busa" ce, tana cikin kunci. Kalli mai algaita a hawan salla, yadda kumatunsa ke cika su yi tim, yana matso iskar a hankali ba tare da sautin ya yanke ba. Tsokar da ke matso iskar ke nan, kuma ita ce ke mayar da abinci tsakanin haƙora idan kana tauna. Masseter "mai tauna" ce: cije haƙora ka taɓa kusurwar muƙamuƙi. Risorius ta dariya ce. Gastrocnemius kuwa "cikin ƙafa", wato sha-raɓa. Ita da soleus da ke ƙarƙashinta suka haɗu suka ba da agarar diddige, mafi kauri a jiki.

Mataki na bakwai: tara su gida-gida, ka haɗa da aikin yau da kullum

Bayan ka iya fassara, daina bin tsokoki ɗaya-ɗaya. Bi su a matsayin gidaje, kowane gida da aikinsa da jijiyar saƙon da ke ciyar da shi. Gaban cinya gidan quadriceps femoris ne: rectus femoris, da vastus guda uku, lateralis, medialis da intermedius. Dukansu sun haɗu a ƙoƙon gwiwa suna miƙe ta, amma rectus femoris kaɗai ce ta tsallaka gaɓar ƙugu. Bayan cinya gidan kishiyoyinsu ne su uku, biceps femoris, semitendinosus da semimembranosus. Su ne kake jin suna ja idan ka yi ruku'u gwiwa a miƙe, kuma su ne ke yawan yagewa 'yan ƙwallo a tsakiyar gudu. Cikin cinya gidan adductor ne. A kafaɗa, ƙarƙashin deltoideus, akwai huɗu da suka rungume kan ƙashin damtse don kada ya goce: supraspinatus, infraspinatus, teres minor da subscapularis.

Sai ka riƙa kallon mutane suna aiki kana kiran sunaye a zuci. Mace na daka: deltoideus da trapezius sun ɗaga taɓarya, latissimus dorsi da triceps brachii sun sauko da ita. Mai jan guga a rijiya: latissimus dorsi da biceps brachii da brachialis, wadda ke ƙarƙashin biceps kuma ita ce ainihin mai naɗe gwiwar hannu. Wanda ya tashi daga tsuguno: gluteus maximus da quadriceps. Ko shaƙuwa ma aikin tsoka ce, diaphragma, shimfiɗar da ta raba ƙirji da ciki, wadda da ita kake jan numfashi.

Game da tsarin lokaci, gida ɗaya a rana ya isa. Da safe ka fassara sunayen, da rana ka lalubo su a jikinka ko na abokinka ka zana iyakarsu da alƙalami, da dare ka rufe littafi ka rubuta abu huɗu game da kowacce: tushe, makama, aiki, jijiyar saƙo. Ranar bakwai kada ka ɗauki sabo, abokinka ya riƙa taɓa wuri kana faɗin suna, sannan ya faɗi suna kana yin motsin. Haddar da ka iya, a nan ne za ta yi maka rana, wajen riƙe jijiyoyin saƙo da 'yan sunayen da ba su bi ƙa'ida ba.

Mataki na takwas: tsokokin allura

Na ajiye wannan a ƙarshe ne saboda shi ne inda sanin suna da wuri yake taɓa lafiyar mutane kai tsaye. Na taɓa ganin yarinya da ba ta wuce shekara huɗu ba, mahaifiyarta ta kawo ta tana jan ƙafar dama, yatsun suna sharar ƙasa, sai ta ɗaga gwiwa sosai kafin ta taka. Zazzaɓi ta yi, aka kai ta wani shagon magani aka yi mata allura a mazaunai. Uwar ta ce, "Malam, tun a wurin ta ƙwalla ƙara, da muka dawo gida ƙafar ta ƙi." Da ta nuna mini gurbin allurar, yana ƙasa kuma kusa da tsakiya.

Ga abin da ya faru. Jijiyar saƙo mafi girma a jiki, wadda ake kira sayatik, tana fitowa daga ƙugu ta ƙarƙashin piriformis, ta bi ƙarƙashin gluteus maximus ta gangara bayan cinya. Wani reshenta ne ke ciyar da tibialis anterior, tsokar gaban ƙwaurin nan da na ce ka riƙe. Allura ta sami jijiyar a mazaunai, tsokar da ke can ƙwauri ta daina samun saƙo, ƙafa ta faɗi. Wasu yaran suna farfaɗowa bayan watanni ana gashi da motsa gaɓa, wasu kuma abin yakan zauna musu.

Don haka ka san wurare uku kamar yadda ka san hanyar gidanku. A kafaɗa, deltoideus: lalubo tsinin ƙashin kafaɗa, ka sauko faɗin yatsu biyu zuwa uku, a tsakiyar naman, kuma magani kaɗan ake sa mata. A cinya, vastus lateralis: raba cinya uku daga ƙugu zuwa gwiwa, ka ɗauki kason tsakiya ta gaba-gefe. Nan ake yi wa jarirai allurar rigakafi, domin tsokar mazaunansu ba ta yi kauri ba tukuna kuma babu babbar jijiyar saƙo ko ta jini a wurin. A mazaunai kuwa, idan ya zama dole, raba ɓangare ɗaya gida huɗu da layi a tsaye da layi a gicciye, ka tsaya a gidan sama na waje. Wanda ya fi shi aminci shi ne gefen ƙugu, kan gluteus medius: ɗora tafin hannunka a kan ƙullin ƙashin cinya na gefe, yatsa manuni a kan tsinin ƙugu na gaba, ka ware na tsakiya zuwa baya a bakin ƙashin ƙugu, allurar ta shiga tsakanin yatsun biyu. Wannan bayanin na gane wuri ne. Allurar kanta sai a gaban malamin da zai riƙe hannunka a asibitin koyarwa. Kafin ranar, zana layukan nan a jikin abokin karatunka, ka sa alama inda sayatik take bi, ya duba littafi ya gaya maka ko ka dace, sannan ku yi musanya.